A ɗora wiwi kan sikeli kafin a ɗora wa yaro laifi

Mahaifina mahauci ne, a gindin teburinsa na nama a kasuwar Asawase da ke Kumasi, a Ghana, na tashi. Tun ban iya ɗaure wando da kyau ba na san laba, na san rabin laba, na san yadda ake jera duwatsun awo a faranti ɗaya, nama a ɗayan, a dakata har sikeli ya daina rawa. Idan mace ta ce ƙashi ya yi mata yawa, Baba ba ya musu. Sai ya sauke naman, ya cire ƙashin a kan idonta, ya sake ɗorawa. Yakan ce da ni, "Kai yaro, rigimar da sikeli zai raba, kada ka bar wa baki." Na girma ban zama mahauci ba, amma maganar nan ta zauna mini, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami a kan abin da yawancinmu a Zango ba mu son a ji bakinmu a ciki, wato tabar wiwi.

Bari in fara da wanke kaina, don na san mutanenmu. Ba na shan wiwi, ba na son ɗana ya sha, kuma na ga yadda ta mayar da samari masu ƙarfi kamar tsumma a Aboabo da Sabon Zango. Wanda ya zo neman in ce masa halal ce ya ɓata hanya. Maganata a kan awo ce: idan hukuma ta kama mutum da ita, wa ke auna ta, da me ake aunawa, kuma giram nawa ne ke raba mai sha da mai sayarwa.

Ɗan yayata, saurayi mai shekara 22 da ke tuƙa pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, an kama shi wani dare da ƙulli huɗu a aljihu. Bayan sallar asuba uwarsa ta buga mini ƙofa, mayafinta a karkace, ta ce, "Tashi ka raka ni, ɗanka yana hannu." Muka je ofishin 'yan sandan da ba zan ambata ba. Aka fito da ƙullin nan huɗu aka jera su kan kanta, kowanne a naɗe cikin yagaggiyar takarda. Jami'in da ke wurin ya ce wanda ke sha ƙulli ɗaya yake riƙewa, mai huɗu kuwa dila ne. Yaron ya rantse na mako guda ya saya, don ba ya son a riƙa ganinsa kullum a bakin geto, inda ake sayar da ita. Na ce, "Ranka ya daɗe, a auna mana mu gani." Ya dube ni kamar na roƙi abin da ba a taɓa roƙa ba. Babu sikeli a ofishin. Ƙullin aka ƙirga, kamar ana ƙirga goro.

To ƙulli ba awo ba ne. Ƙullin wannan geto daban, na wancan daban, na safe daban da na dare idan kaya sun yi ƙasa. Mu da muke sayen gari da masara da olonka mun san wannan sarai: gwangwani ɗaya ne a suna, amma wata ta bubbuge gindin nata ya shige ciki, wata ta tula har ya yi toliya. A kasuwa idan an cuce ka da olonka, tuwon dare ne zai ragu. A ofishin 'yan sanda kuwa shekarun mutum ne ake aunawa da ido.

Kuma bambancin ba ƙarami ba ne a dokar ƙasar nan. Tsohuwar dokar 1990, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na PNDC ƙarƙashin Rawlings, ba ta da sassauci: wanda aka samu da ƙwaya a hannunsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ke jiransa, wanda aka kama yana sha kuma shekara 5. Iyaye da yawa a Zango sun san hanyar kurkukun Nsawam da na Adum saboda wannan dokar. A 2020 majalisa ta zartar da sabuwa, doka mai lamba 1019, wadda ta kafa NACOC, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ita ce ta raba laifin gida biyu. Wanda ya riƙe don shan kansa tara ce a kansa, daga sidi 2,400 zuwa 6,000, idan ya kasa biya a ɗaure shi har zuwa wata 15. Wanda ya riƙe don fatauci kuwa tara mai nauyi da ɗaurin shekaru. Na yaba wa wannan gyara, kuma har gobe ina yabawa. Sai dai an gina ɗaki biyu, an bar mabuɗin a bakin wanda ya yi kamu. Shiga kowane bes na ataya, wato majalisar shan shayi, daga Alabar zuwa Sawaba ka tambayi samari giram nawa ne iyakar mai sha, ba mai ba ka amsa. Tambayi iyayensu, haka. Lambar da talaka bai sani ba, ba ta kare shi a daren da aka tare shi.

Inda kuwa aka bar abu a duhu, ciniki ke shiga. Duk wanda ya taɓa zama a bencin ofishin 'yan sanda ya san yadda kalmar "dila" ke aiki a jikin uwa. Da ta ji ta, sai ta fara lissafin abin da za ta sayar. Ba na cewa kowane ɗan sanda maci amana ne, akwai 'ya'yanmu a cikinsu, akwai masu tsoron Allah. Amma ko mutumin kirki ne, bai kamata a ɗora masa nauyin raba tara da kurkuku da ƙiyasin ido ba, da ƙarfe biyun dare, bayan ya wuni a tsaye. Lamba a rubuce tana kare yaron, tana kuma kare jami'in daga zargi.

Wasu ƙasashe sun daɗe da yanke wannan. Portugal tun 2001 ta ce abin da bai wuce na shan kwana 10 ba, ba maganar kotun laifi ba ce, kuma ta fassara kwana goman da giram 25 na ganye ko giram 5 na daskararren ƙaronta. Jamaika a 2015 ta sa iyaka a oza 2, kimanin giram 56, wanda aka samu da ƙasa da haka takardar tara ake ba shi. Malta ta tsaya a giram 7. Kanada a 2018 ta ce giram 30 na busasshe a bainar jama'a. Jamus daga Afrilun 2024 ta ce giram 25 a waje, 50 a gida. Dubi tazarar da ke tsakanin 7 da 56. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba daga sama lambar ke saukowa ba, kowace ƙasa zama take yi ta yanke tata daidai da halin mutanenta. Wasu daga cikin ƙasashen nan halatta ta suka yi, ni kuwa ba shi nake nema wa Ghana ba. Abin da na ɗauka a wurinsu ɗaya ne: ɗan ƙasa ya san inda layin yake tun kafin ya taka shi.

Akwai ma rikicin ma'aunin kansa. A Amurka da Ingila masu harkar da oza suke magana, su raba ta rabi, kwata, da kashi ɗaya cikin takwas, wanda suke lissafawa giram 3.5. Oza ɗaya giram 28.35 ce, amma a titi 28 ake cewa, a bar ɗigon. Oza 16 ke yin laba guda, wato giram 454, labar nan da Baba ke auna nama da ita. Mu nan Ghana muna zaune tsakanin ma'auni uku: Ingila ta bar mana laba da oza, hukuma tana rubutu da kilo da giram, kasuwa kuma tana nan da olonka da ƙulli. Idan za a sa iyaka, a sa ta da giram, a kuma nuna wa mutane yadda giram ɗin yake a tafin hannu. Mutumin da bai taɓa riƙe sikelin zinariya ba bai san girman giram 10 ba, kamar yadda ni ban san faɗin hekta ba sai an kai ni gona.

Nan ne ɗan mahauci ke da abin faɗi, domin sanya lamba kaɗai ba ya gama magana. Sai an faɗi me ake ɗorawa a farantin.

Ɗauki ɗanye da busasshe. Kowa ya san tsokar da aka shanya ta zama kilishi ba ta riƙe nauyinta, ruwa ne ke tafiya. Ganyen wiwi haka yake, har ya fi. Dokar Kanada ta rubuta shi ƙarara: giram 5 na ɗanye daidai yake da giram 1 na busasshe. Ke nan yara biyu za su iya riƙe abu ɗaya, a auna na ɗaya da damshinsa a ce ya ninka iyaka, a auna na ɗayan a bushe a ce bai kai ba. A garin da damina ke jiƙa komai kamar Kumasi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai takarda da leda. Farar takarda guda ɗaya irin wadda ake buga wasiƙa a kai ta kai kimanin giram 5. Idan iyakarka giram 10 ce, aka auna ƙulli huɗu da naɗinsu, takarda kaɗai na iya tura yaro daga wannan ɗaki zuwa wancan. Mai sayen koko a ƙauye ya san ana cire nauyin buhu. Mai sayar da nama ya san ba a auna faranti. Sai kuma kara da iri, waɗanda su ne ƙashin wannan kaya: ana lissafa su ko ana cirewa? Ko wanne aka zaɓa, a rubuta, ya zama ɗaya a Bawku da Accra. Ga kuma abin da ya shigo yanzu, alewa da ake dafawa da ita, da barasar da ake jiƙa ta a ciki. Idan aka kama kwalba, ruwan za a auna gaba ɗaya a ce duk wiwi ne? Kanada ta yi wa wannan ma lissafi, ta ce giram 15 na abin ci a madadin giram 1 na busasshen ganye. Mutane ne suka zauna suka yi tunanin nan, ba aljanu ba, mu ma muna da masu ilimin da za su yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙasar nan ta riga ta nuna ta iya awo idan ta so. Sashe na 43 na dokar 2020 ya ba ministan cikin gida ikon ba da lasisin noman irin wiwin da sinadarinsa mai bugarwa, THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba a busasshen nauyi, don masana'anta da magani. Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022, ta ce majalisa ba ta bi ƙa'ida wajen shigar da shi ba. Majalisa ba ta yi barci ba, a 2023 ta sake zama ta mayar da shi. Lambar 0.3 ɗin ma daga aikin wani masanin tsirrai ɗan Kanada, Ernest Small, ta fito a 1976, ƙasashe suka yi ta ara har ta iso mana. Ka duba fa: kashi uku cikin dubu, kuma an rubuta "busasshen nauyi" don kada mai jari ya cutu da damshi. Mai gona da lasisi ya san iyakarsa har bayan ɗigo. Ɗan pragya kuwa ana ƙirga masa ƙulli a kan kanta. Ban ƙi a yi wa mai jari adalci ba, amma ina so a auna wa ɗan yayata da irin wannan kulawar.

Kayan aikin ma ba baƙi ba ne. Hukumar GSA mai kula da inganci da ma'auni tana duba famfon gidajen mai, tana duba sikelin masu sayen koko, ta manna shaida. Ƙaramin sikelin lantarki da ke karanta giram bai kai kuɗin taya ɗaya ta motar sintiri ba. Me zai hana kowane ofishin 'yan sanda ya samu guda, mai hatimin hukuma, a auna kaya a gaban wanda aka kama da shaida ɗaya daga danginsa ko lauyansa, a rubuta nauyin, kowa ya sa hannu, a rufe a manne kafin a aika ɗakin gwaji? A garin nan ne fa kakannin Asantawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna auna garin zinariya da 'yan duwatsun tagulla, mai saye da nasa, mai sayarwa da nasa, ba a rabuwa sai awo biyu sun yi daidai. Wanda ya shiga gidan tarihi na Manhyia ko na cibiyar al'adu zai ga irinsu. Ba yau Kumasi ta san cewa abu mai tsada ba a auna shi a bayan mai shi ba.

Na san abin da dattawanmu za su ce, don an faɗa mini a ƙofar masallaci. Wani malamina da nake girmamawa ya ce, "Ɗana, ranar da gwamnati ta ce giram kaza, yara za su ji kamar an ce ku sha kaza." Na ɗauki maganarsa da nauyi, domin tsoronsa na gaskiya ne. Amma Malam, iyakar da nake nufi ba ta wanke kowa. Wanda ke ƙasa da ita ma mai laifi ne a dokar yanzu, tara na kansa. Abin da lambar za ta hana shi ne a ɗauki mai laifi ƙarami a yanka masa hukuncin babba. Kuma mu ne muke karanta Suratul Muɗaffifina, mu ne muka san abin da ya sami mutanen Annabi Shu'aibu a kan tauye mudu. Idan Allah bai yarda a tauye wa mutum hatsi ba, ban ga yadda za mu yi shiru ana ƙara wa mutum laifi a kan abin da ba a auna ba. Ko a shari'armu, hukuncin sata yana da nisabi. Malamanmu ba su ce sanin nisabi yana koya wa mutane sata ba.

Wata suka ta fi wannan ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Dila mai wayo zai riƙa yawo da abin da bai kai iyaka ba, ya ɓoye sauran a wani wuri. Gaskiya ne, za a yi haka. Shi ya sa ban ce sikeli ya zama alƙali ba. Idan an ga mutum yana miƙawa yana karɓar kuɗi, ko an same shi da tarin ledoji da canji da saƙonnin ciniki a waya, a tuhume shi da sayarwa ko da giram 3 ne a hannunsa, hujja ce ta kama shi. Haka wanda ya ɗan haura iyaka a bar masa ƙofar ya nuna na shansa ne. Lambar mafari ce: ƙasa da ita, a ɗauke ka mai sha sai an kawo hujjar akasin haka, kuma kawo hujjar aikin hukuma ne. Sannan kada a sa ta ƙasa ƙwarai har kowane mashayi ya zama dila a takarda, domin wannan ya fi rashin lambar muni. A tambayi likitocin da ke kula da masu shaye-shaye a asibitocin Komfo Anokye da Pantang nawa mai sha ke ƙonawa a mako, a ji ta bakin waɗanda suka daina, a gina lambar a kan haka. Manyan dilolin da ke loda buhuna a mota ba su ne ke kwana a bayan kanta saboda ƙulli huɗu ba. Hukumar da Kofi Annan ya kafa kan ƙwayoyi a Afirka ta Yamma, wadda Obasanjo ya shugabanta, ta faɗi irin wannan tun 2014: a daina cika kurkuku da masu sha, a fuskanci manyan masu fatauci.

Tarar ma a sake dubanta. Mafi ƙarancin albashin yini a 2025 sidi 19.97 ne. Sidi 2,400 ke nan ladan kwana 120, ba ci ba sha. Ɗan mai hali zai biya kafin la'asar ya koma gida, ɗan mai koko da ƙosai ya tafi wata 15. Ga wanda ba shi da shi, a ba shi aikin gayya na unguwa, ya share kwata, a haɗa shi da mai ba da shawara ko asibiti. Sarakunan Zango da limamai da 'yan majalisarmu na Asawase da Ayawaso suna da bakin da za a ji a Accra. Mun iya taruwa idan za a naɗa sarauta, wannan ma ta isa a taru a kanta.

Ɗan yayata ya yi mako bakwai a tsare kafin sakamakon gwaji ya dawo. Ranar da lauya ya nuna mana takardar, na sa yatsa a kan layin nauyi na karanta wa uwarsa: giram 6 da ɗigo. Bai kai nauyin ƙananan dunƙulen Maggi biyu ba. Aka mayar da tuhumar ta mai sha, alƙali ya yanka masa tara mafi ƙaranci, Yaya ta sayar da firizar da take ƙanƙara da ita ta biya. Mai pragyar ya riga ya ba wani makullin. Yaron yana gida yanzu, yana bin wani maƙeri a Suame, kuma ina sa ido a kansa, don ban yarda ya rabu da abin gaba ɗaya ba.

Sikelin Baba yana nan a ɗakina, da duwatsunsa a cikin tsohon gwangwanin madara. Daren da muka dawo daga kotu na zazzage su a tabarma ina neman wanda zai yi daidai da giram 6. Mafi ƙanƙanta a cikinsu oza ɗaya ne, ya ninka abin da aka kama yaron da shi fiye da sau huɗu.